Yaro ya miƙe yana gudu: a daina ba shi maganin ciwon ƙashin?

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. Ni uwa ce daga Unguwar Rogo a nan Jos. Yarona ɗan shekara bakwai ya dawo daga ƙwallo yana ɗingishi, muka ɗauka targaɗe ne, aka shafa masa man zafi. Kashegari zazzaɓi ya rufe shi, ƙasan gwiwarsa ta dama ya kumbura, ko zane bai yarda ya taɓa wurin ba. Mun ba shi maganin maleriya kwana biyu babu sauƙi, a rana ta huɗu muka kai shi asibiti. Suka ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙashin ƙwaurinsa. Ya yi kwana biyar ana yi masa allura ta jijiya, sannan aka sallame mu da maganin ruwa sefaleksin, mil 10 sau huɗu a rana, aka ce a cika mako huɗu. Nauyinsa kilo 20. Yau kwanansa takwas a gida, kuma alhamdu lillahi har gudu yake yi. Maigidana ya ce a bar maganin haka nan, yaro ya warke, kuɗi na tafiya, kuma yawan magani yana kashe ƙoda. Uwar mijina kuma ta ce gaggawar sallamarmu aka yi, don jikan ƙawarta sai da ya yi mako shida a gadon asibiti, wai a kai shi kemis a ci gaba da allura. Na rasa wanda zan bi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma sannu da jinya.

Kada ki daina maganin, kuma kada a kai shi kemis allura. Mako huɗun da aka ce a cika daidai yake da irin ciwon da kika bayyana. Ana fara lissafi daga ranar da aka yi masa allurar farko a asibiti, ba daga ranar sallama ba. Kwana biyar a asibiti da takwas a gida sun zama 13, saura kwana 15 a cika 28. Ko a rana ta 28 ɗin ma, likitan da ya kwantar da shi ne zai ce a tsaya, bayan ya duba ƙafar ya ga sakamakon jini.

Maganar maigida ita ce mai haɗari, don haka da ita za mu fara. Abin da idonsa ke gani gaskiya ne: yaro ya daina kuka, yana cin abinci, yana gudu. Abin da ido ba ya gani shi ne cikin ƙashin. Ƙwayar cutar, wadda galibi Stafilokokus ce, wato irin wadda ke kawo maruru a fata, tana shiga jini ta wani ƙurji, ko ƙuje, ko ta hanci da maƙogwaro, ta je ta zauna a ƙarshen dogon ƙashi kusa da inda ƙashin yaro ke tsawo. A nan jijiyoyin jini ƙanana ne, jini na tafiya a hankali, sai ta samu wurin zama. Shi ya sa ciwon ya fi kama saman ƙwauri da ƙasan cinya, kusa da gwiwa, daidai inda ya kama naki. Ba sanyin Jos ne ya shiga ƙashin ba, kamar yadda za ki ji ana faɗa a unguwa, kuma buguwar ƙwallon ma mai yiwuwa hanya kawai ta share wa ƙwayar.

Ƙashi ba ya buɗewa kamar tsoka. Idan kumburi ya taru a cikinsa, matsi ne ke kawo wannan azabar da ko zane ba a iya ɗorawa. Kwana uku zuwa biyar na magani mai kyau sun isa su sauke matsin, zazzaɓi ya tafi, yaro ya taka ƙafa. Amma ragowar ƙwayoyin suna maƙale a lungunan da jini bai cika kaiwa ba, kuma magani jini yake bi. Waɗannan sai an yi ta bin su mako bayan mako. Tsayawa a rana ta 13 kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ga abin da ke biyo baya idan suka farfaɗo. Mugunya takan taru ta huda ƙashin, ta ɗaga siririyar fatar da ke lulluɓe da shi, wadda ta cikinta jijiyoyin jini ke shiga. Idan ta ɗaga, wani yanki na ƙashin ya rasa jini, sai ya mutu. Mataccen ƙashi babu jini a cikinsa, saboda haka babu maganin da zai kai wurin, ko na sha ko na allura, ko da an shekara ana ba shi. Jiki zai gina sabon ƙashi kewaye da shi, wani ɗan rami ya ɓulle a fata yana tsiyayar mugunya, ya rufe wata biyu, ya sake buɗewa. Wannan shi ne yaron da kike gani da tsumma ɗaure a ƙwauri shekara da shekaru ana cewa gyambo ne ko sammu. Maganinsa sai an shiga tiyata an ciro mataccen ƙashin, wani lokaci fiye da sau ɗaya, sannan a bi da antibayotik na mako shida har zuwa wata uku ko fiye. Ƙashin da ya rube haka yakan karye da ɗan tsalle kaɗan. Idan kuma cutar ta taɓa wurin tsawon ƙashi, ƙafar na iya gajarcewa ko ta lanƙwashe yayin da yaron ke girma.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1975 ya nuna cewa cikin yaran da aka ba magani na mako uku ko ƙasa da haka, kusan ɗaya cikin biyar ciwon ya dawo musu ko ya zama na dindindin, alhali cikin waɗanda aka daɗe ana ba su, kashi biyu cikin ɗari ne kawai. Daga irin wannan ne likitoci suka kama mako huɗu zuwa shida, kuma shekaru da yawa duk ta jijiya ake bayarwa. Nan ne asalin maganar Hajiya, uwar mijinki. Abin da ta gani an yi wa jikan ƙawarta tsari ne da aka daɗe a kansa, kuma har yau akwai yaran da shi ya dace da su.

Sai dai ilimi ya matsa gaba. Likitocin yara a ƙasar Finlan sun raba yara gida biyu, duka aka yi musu allura ta kwana biyu zuwa huɗu kacal, sannan aka koma maganin sha mai yawan gaske. Wasu suka cika kwana 20, wasu 30. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna duka ɓangarorin sun warke daidai wa daida. A 2021 ƙungiyoyin likitocin cututtuka masu yaɗuwa na Amurka suka fitar da jagora cewa yaron da ciwonsa bai rikice ba, kuma ya karɓi magani da wuri, mako uku zuwa huɗu sun ishe shi, kuma a mayar da shi kan maganin sha da zarar ya nuna sauƙi. Sefaleksin yana cikin magungunan da hanji ke tsotsewa kusan gaba ɗaya, don haka idan an ba da cikakken awo a kan lokaci, abin da ke isa ƙashi ya wadatar. Daɗewa a kan allura kuwa yana da nasa sharrin: jijiya ta kumbura, kanula, wato 'yar robar da ake bari a jijiya, ta zama ƙofar wata sabuwar cuta, yaro ya rasa makaranta, uwa ta bar sauran yara ta tare a asibiti.

To me ya sa ba a ce miki kwana 20 ba? A ganinmu likitanki ya yi daidai da ya kama mako huɗu. Yaran Finlan ana kai su asibiti da wuri, an gano ainihin ƙwayar da ke damun kowannensu, kuma nau'in Stafilokokus mai taurin kai da ake kira MRSA bai yawaita a can ba. Namu yaran sukan biyo ta maganin maleriya, da kemis, da maɗori kafin su iso, sau da yawa kuma gwajin jini ba ya nuna ƙwayar saboda an riga an sha wani antibayotik a gida. Inda babu tabbas, gara a tsaya a saman ma'auni. Kada ki yi mamaki ma idan a ranar komawa aka ƙara muku mako biyu.

Allurar kemis ita ce za ta iya jawo abin da maigida ke tsoro. Mai kemis bai san ƙwayar ba, bai san awon da ƙashi ke bukata ba, kuma cikin alluran da aka saba yi a irin waɗannan wurare akwai jentamaisin, wanda idan aka jera kwanaki ana yin sa babu gwajin jini yana lalata ƙoda yana kurumtar da yaro, kurumtar da ba ta warkewa. Sefaleksin kuwa ba a san shi da lalata ƙodar yaro mai lafiyayyar ƙoda ba a wannan awo. Abin da ya fi kawowa shi ne sassaucin bayan gida, ɗan ciwon ciki, farin baki, ko ƙuraje. Idan aka daɗe a kansa yakan rage fararen ƙwayoyin jini a wasu yara, shi ya sa likita kan nemi gwajin jini a tsakiyar tafiya.

Yanzu ga inda aikin yake a hannunki, kuma a nan ne aka fi samun matsala ba tare da an sani ba.

Ɗauko kwalbar ki duba ƙarfin da aka rubuta. Sefaleksin na ruwa yana zuwa iri biyu: miligiram 125 a kowane mil 5, da miligiram 250 a kowane mil 5. Awon ciwon ƙashi yakan kai miligiram 75 zuwa 100 a kowane kilo a rana, ya ninka na ciwon maƙogwaro ko ƙurji. Yaro mai kilo 20 a kan miligiram 100 zai sha 2,000 a rana, wato 500 sau huɗu, kuma wannan ya yi daidai da mil 10 ne kawai idan kwalbar mai 250 ce. Idan wata rana ta ƙare aka aiki yaro kanti ya dawo da mai 125, kwalba iri ɗaya, launi iri ɗaya, kika ci gaba da mil 10, to rabin magani yake sha. Ki ɗauki hoton kwalbar farko a waya, duk wanda za a aika a tura masa. Wani ma'aikacin kantin zai ce awon ya yi wa yaro yawa ya rage miki. Kada ki yarda, a kira likitan da ya rubuta. Kada kuma a musanya miki da Ampiclox wai duk ɗaya ne. Rabin abin da ke cikinsa ampisilin ne, wanda yawancin Stafilokokus sun daɗe da fin ƙarfinsa.

Mil 40 a rana yana nufin kwalba mai mil 100 kwana biyu da rabi take yi, mai mil 60 kuma kwana ɗaya da rabi. Kwana 15 da suka rage mil 600 ne: manyan kwalabe shida, ko ƙanana goma. Wannan shi ne lissafin da za ki ajiye wa maigida a gabansa, don mutum ya fi jure abin da ya san iyakarsa. Idan hali ya yi, a saye su gaba ɗaya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma a bar su a garinsu. Kwalba ɗaya ake haɗawa a lokaci guda: a girgiza garin ya saki, a zuba tafasasshen ruwan da ya huce zuwa rabi, a girgiza, sannan a cika daidai kan layin, kada a wuce. Wanda aka haɗa wurinsa firji, amma tunda cikin kwana uku zai ƙare, idan babu wuta a sa shi a leda a ajiye gindin randa, nesa da rana da murhu. A girgiza kafin kowane sha, don maganin yana kwanciya a ƙasa. A auna da sirinji mai mil 10 wanda aka cire wa allura; cokalin shayi na gida wani mil uku yake ci, wani bakwai.

Ki tambayi likita ko za a mayar da shi kan kafso mai miligiram 500, ɗaya sau huɗu. Ɗan shekara bakwai da yawa suna iya haɗiya, galibi ya fi sauƙin kuɗi, kuma babu maganar firji.

Sau huɗu a rana ba safe, rana, yamma da bayan tuwon dare ba ne a cushe cikin awa 12. Wannan magani ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awanni ƙoda ta fitar da shi, don haka ana son tazarar kusan awa shida. Abin da ya fi yi wa iyaye sauƙi: bayan sallar asuba, wajen sha ɗaya da rabi na rana, wajen biyar da rabi na yamma kafin magariba, sai sha ɗaya na dare, ko da sai an tashe shi. Na daren nan shi ake yawan tsallakewa, kuma wanda ya tsallake shi kullum ya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na maganin. Ki sa ƙararrawa a waya, ki zana layuka a bayan kalanda kina sa alama. Idan an manta, a ba shi da zarar an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to a wuce, kada a ninka. Idan ya yi amai cikin minti 30 da sha, a sake ba shi. Bayan haka a jira na gaba. Sefaleksin bai damu da abinci ba. Da a ce fulukuloksasilin aka ba shi, shi sai cikin da babu abinci, awa ɗaya kafin ci ko awa biyu bayansa; kilindamaisin na kafso kuma da cikakken kofin ruwa, kada yaro ya kwanta nan take, don yana ƙona maƙoshi.

Farasitamol da ibufurofen a daina ba shi su a kai a kai yanzu. Suna rufe zazzaɓi da ciwo, su ne kuwa alamun da muke so mu gani da wuri in abu ya juya.

Gudun nan da yake yi ma a rage shi. Tafiya cikin gida da zuwa makaranta babu laifi idan likita ya yarda, amma ƙwallo, dirowa daga katanga da hawan duwatsun unguwa su jira sai an duba ƙashin. Kada a bari kowa ya murza wurin, ko ya ɗaure shi da karare, ko a yi tsaga ko sakiya. Maɗori yana da inda ya iya, amma ɗauri a kan ƙashi mai mugunya yana ƙara toshe jinin da magani ke bi.

A koma asibiti a ranar, ba sai ranar da aka ba ku ba, idan zafin jiki ya kai digiri 38, ko ɗingishi ya dawo, ko wurin ya sake kumbura ko ya yi ja ko ya fara fitar da ruwa, ko gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ko ciwo ya ɓulla a wani ƙashin daban. Haka nan idan ya yi amai sau biyu a jere bayan shan magani, ko gudawa mai yawa ko mai jini, ko ƙuraje suka feso masa. Kumburin fuska ko leɓe da wahalar numfashi kuwa a tsayar da maganin a tafi sashen gaggawa nan take. Idan a hoto aka ga mugunya ta taru, sai an fitar da ita, kuma sau da yawa daga ranar tiyatar ake sabunta lissafin kwanaki.

Ranar komawa ki nemi a gaya miki sakamakon gwajin jini biyu da ke nuna kumburi a jiki, CRP da ESR. CRP yana hawa da sauri yana sauka da sauri: idan magani na aiki yakan dawo daidai cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma likitoci da yawa suna son ganinsa ƙasa da 20 kafin su tsayar da magani. ESR mai jinkirin sauka ne, yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu, don haka ɗan tsayinsa shi kaɗai ba abin firgita ba ne. Hoton ƙashi kuma yana da wata dabi'a da ke ruɗa iyaye: a kwana 10 zuwa 14 na farko yakan fito lafiya lau ko da ciwon na ci, sannan hoton mako na uku ya fito kamar ya fi na farko muni alhali yaro na warkewa, saboda sai a lokacin tabon ke bayyana. Likitan ƙashi ne zai bambance tabo da mataccen ƙashi.

Abu ɗaya ba ki faɗa mana ba: rukunin jininsa na gado. Idan ba a taɓa gwadawa ba, a gwada. Mai sikila lissafinsa daban ne, don wata ƙwayar cuta mai suna Salmonela na yawan kama ƙashinsu, sefaleksin kuwa ba maganinta ba ne. Su akan ba su wani irin magani, kuma akan kai mako shida. Sauran waɗanda gajeren lokaci bai ishe su ba su ne jariri ɗan ƙasa da wata uku, da mai tamowa ko raunin garkuwar jiki, da wanda ciwon ya kama ƙashin baya ko ƙugu ko wurare da yawa, da mai MRSA da ya rikice, da wanda aka kawo bayan makonni. Wataƙila jikan ƙawar Hajiya yana cikin waɗannan. Tibin ƙashi, wato ƙwayar tarin fuka idan ta kama ƙashi, kuwa wata duniya ce: yana zuwa a hankali cikin watanni, maganinsa wata 12 ne, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Game da mutanen gida, kada ki mayar da abin gardama tsakaninki da maigida, ballantana da mahaifiyarsa. Ki roƙe shi ya raka ku ranar komawa ya yi wa likita tambayar ƙodar da bakinsa. Abin da namiji ya ji da kunnensa ya fi zama masa. Hajiya kuma ki ba ta aiki: ita ta riƙe maganin asuba, tunda ta riga kowa tashi. Idan kuɗin ne ya tsaya da gaske, kada ki rage awo don kwalba ta daɗe. Ki faɗa wa likita a fili, ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ki kuma bincika ko iyalinku na cikin inshorar lafiya ta jihar Filato, PLASCHEMA, ko ta tarayya.

Bayan an gama maganin, tunda ciwon kusa da gwiwa yake, a ci gaba da kai shi dubawa har kusan shekara guda. Ke ma a gida, duk bayan wata biyu ko uku ki kwantar da shi rigingine a kan tabarma, ki miƙe ƙafafun biyu ki haɗa dugadugan, ki duba ko ɗaya ta fara fin ɗaya tsawo ko gwiwar ta fara karkata. Idan kin ga bambanci, a kai shi wurin likitan ƙashi a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Filato, a tafi da katin sallama da duk hotunan da aka ɗauka tun farko.